Yadda Ake Fitar da 'Yan Sikawut Sansanin Kwana Biyu a Bayan Gari

A watan Agustan 1907 wani hafsan sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ya ɗebi yara maza kimanin 20 ya kai su tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila. Da isarsu sai ya raba su rukuni 4, ya ɗora yaro ɗaya a kan kowane rukuni, ya bar musu ɗawainiyar kansu. Daga wannan zango ƙungiyar Sikawut ta samo asali. Ta shigo Najeriya a 1915, kuma a yau mambobinta a duniya sun haura miliyan 50, mafi yawan masu tafiyar da ita 'yan sa-kai ne da ba a biyansu ko sisi.

Wannan rabon da ya yi shi ne ginshiƙin komai. Yaro ba ya sauyawa don kawai ya kwana a daji. Yana sauyawa ne ranar da aka ce masa tuwon mutum 8 na hannunsa, idan ya ƙona kowa zai kwana da yunwa. Saboda haka aikin malamin sikawut shi ne ya yi shiri mai ƙarfi tun daga gida, yadda idan an isa daji zai iya naɗe hannu ya bar yaran su yi, su yi kuskuren da ba ya kisa, su gyara da kansu. Lissafin da ke tafe na tawagar yara 32 ne masu shekara 11 zuwa 15, da manya 8, daga yammacin Juma'a zuwa azahar ɗin Lahadi.

Makonni 6 kafin fita: lokaci, wuri da izini

Lokacin da ya fi dacewa a Arewa shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. An kawar da amfanin gona, ƙasa ta bushe, sauro ya ragu. Damina na zuwa da ambaliya da tsawa da ciyawa mai ɓoye maciji. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafinta na iya kayar da yaro kafin a yi tafiyar kilomita 3, kuma lokacin ne sanƙarau ke yawo, ga shi za a cusa yara a tanti ɗaya. Hunturu ma yana da nasa: sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, ciyawa kuma ta bushe ƙayau tana jiran wuta.

Maganar tsaro ita ce kan gaba wajen zaɓen wuri, kuma ba a yi mata kara. Halin da wasu dazuzzukan Arewa ke ciki ya hana a shiga su da 'ya'yan mutane, komai kyawunsu. Filin makarantar kwana da ke gefen gari, ko gonar wani dattijo da aka girbe wadda ba ta wuce kilomita 2 daga kwalta ba, ya isa a koyi duk abin da ake nema. Manya 2 su je su taka wurin da ƙafarsu, da rana sau ɗaya, da magariba sau ɗaya. Su duba ko waya na samun sabis, ko mota na isa har cikin filin, da kuma mintuna nawa ake yi zuwa asibiti mafi kusa. Idan ya haura minti 30, a nemi wani wurin.

Akwai wuraren da ba a kafa tanti ko da sun yi kyau a ido. Ba a kwana a kwarin rafin da ya ƙafe. Ba a kafa komai a kan burtali, don garke na iya biyowa cikin dare kuma hanyarsu ce. A nisanci tsohuwar kuka ko tsamiya mai kogo saboda zuma, a nisanci suri da tarin duwatsu saboda maciji da kunama, a kuma duba ƙasa ko akwai layin kwarkwasa.

Daga nan sai izini. A sanar da kwamishinan sikawut na yankin a rubuce. A je wa dagaci ko mai unguwa da ƙafa, a gaishe shi yadda ya kamata, a gaya masa yara nawa ne, kwana nawa, da sunan wanda ke jagorantarsu. A kai takarda ofishin 'yan sanda, a kuma gana da shugaban 'yan sintirin ƙauyen. Baƙin da suka sauka cikin dare da kaki da fitilu ba tare da sanin masu gari ba, su suka jawo wa kansu abin da ya biyo baya.

Manya da takardar iyaye

Kowane rukuni na yara 8 yana da babba ɗaya da ke sa ido daga nesa. Sauran 4 su ne shugaban sansani, mai kula da lafiya wanda ya yi horon agajin gaggawa, mai kula da kaya da abinci, da direba wanda motarsa za ta kwana a wurin da mai a tanki, fuskarta na kallon hanyar fita. Akwai doka guda da ba ta da sassauci: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba ya kwana a tantin yara, kuma duk magana ta sirri ana yin ta inda wasu ke hango su. Wannan kariya ce ga yaro, kariya ce ga mutuncin malamin. Idan sansanin 'yan mata ne, mata ne za su jagoranta su kwana da su, kuma ba a haɗa masauki ɗaya da na maza.

A tara iyaye makonni 3 kafin tafiya, a nuna musu wurin da jadawalin da lissafin kuɗi dalla-dalla: mota, abinci, ruwa, magani, sannan kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Kowane uba ko uwa su sa hannu a takarda mai ɗauke da lambar waya 2 da amsar waɗannan tambayoyi: yaron yana da sikila, asma ko farfaɗiya? Akwai maganin da yake sha kullum? Akwai abinci ko maganin da jikinsa ba ya karɓa? Yana fitsarin kwance? Tambayar sikila ta fi kowacce nauyi, domin sanyin dare da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya su ne ke tayar da ciwon, kuma duka ukun suna jiran yaro a sansani. Ba a hana shi zuwa, amma a ninka masa bargo, a riƙa tuna masa shan ruwa, a rage masa tafiya. Mai fitsarin kwance kuma a ba shi gefen ƙofa da leda a ƙarƙashin tabarma, ba tare da kowa ya sani ba.

Ruwa

Sansani da yawa a kan ruwa suke watsewa. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a yini, wanda ya haɗa sha da girki da alwala da wanke kwanuka da ɗan wanka. Mutum 40 ke nan lita 600, wato jarka 24 mai lita 25, kowace rana. Duk wanda ya ji adadin ya ce ya yi yawa, ya lissafa butar alwala sau 5 ga mutum 40 tukuna. A yi magana da mai ga-ruwa ko mai fanfon burtsatse tun kafin ranar, a tsayar da lokacin kawowa safe da yamma.

A ware jarkokin sha a ɗaura musu jan ƙyalle a hannu, kuma kada su taɓa zama waɗanda aka zuba fetur ko kalanzir a ciki. Idan ruwan rijiya ne ko na rafi, a bar shi ya kwanta, a tace da farin ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa shi har ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin bisa awon da aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Kulorin ba ya aiki sosai a gurɓataccen ruwa, shi ya sa tacewa ke zuwa da farko. Ba a tsoma kofi a mazubin ruwan sha. Tsiyayawa ake yi, ko a rataye moɗa guda mai dogon hannu wadda ba a kai ta baki.

Kowane yaro ya sha aƙalla lita 2 zuwa 3 a yini. A hunturu ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba alhali busasshiyar iska na zuƙe ruwan jikinsa, don haka jagoran rukuni, wato yaron da aka ɗora a kansu, shi ne zai riƙa tsayar da yaransa su sha, ba sai sun nema ba. A koya musu duba fitsarinsu: idan ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci.

Ba a wanka a kududdufi ko madatsar ruwa. Banda haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance shi ne matattarar tsargiya.

Abinci da kaya

Cin abinci 6 ne: daren Juma'a, uku ranar Asabar, biyu ranar Lahadi. Kowane rukuni shi zai dafa nasa a murhunsa, kuma a nan ne rabin tarbiyyar take. Kada a ɗauko mai girki daga gari don a huta. A auna da kilo, domin mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ga rukuni mai yara 8, ci ɗaya: shinkafa kilo 1.2 idan dafa-duka ce. Idan garau-garau ne shinkafa giram 800 da wake giram 400 da mai kwatan lita da yaji. Taliya leda 2 zuwa 3 mai giram 500. Da safe shayi da burodi ko kunu. Guzurin tafiya kuwa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, da dabino da soyayyar gyaɗa, abin da ba ya lalacewa a rana. Ɗanyen nama a ci shi daren farko kawai, sauran kwanakin a koma kan busasshen kifi. Abincin da ya kwana ba a ba yara.

A jiƙa wake tun da hantsi idan da yamma za a dafa, in ba haka ba itace zai ƙare shinkafa ta caɓe wake na nan da ƙarfinsa. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowane sabon rukuni ke yi, kuma babu laifi a bar su su yi shi sau ɗaya.

Kayan kowane yaro: tabarma, bargo, rigar sanyi da hula, gidan sauro, takalmi rufaffe da safa 2, tocila, gorar ruwa mai lita 1, kwano da cokali da kofi, buta, sabulu, man shafawa saboda kaushi da tsagewar leɓe, usur, littafi da biro. Silifa na wanka ne kawai. Kayan rukuni: tamfol mai mita 4 da 5, sanduna 2 masu tsawon mita 2, igiya mita 30, turaku 12, tukunya 2, bokiti 2, adda, fartanya, ashana a cikin leda. Mako guda kafin tafiya kowane jagora ya sa yaransa su zo da jakunkunansu a zazzage a gabansa. Abin da aka gano babu a ranar, ana iya nemo shi. Wanda aka gano a daji, sai haƙuri.

Shimfiɗa sansani

A isa da la'asar, aƙalla awa 2 kafin faɗuwar rana. Kafa tanti cikin duhu shi ne mafarin raunuka da ɓatan kaya. Kafin a sauke komai, yaran su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan gefe zuwa wancan, suna tsince ƙaya da kwalba da ƙarangiya.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma ita ke tsara wurin. Tantuna su kasance ta inda iska ke fitowa, madafa a ƙasansu da tazarar mita 10 don tartsatsi ya yi gaba, masai kuma can kudu maso yamma. Rukunoni su ba juna tazarar mita 15 zuwa 20, kowanne da gidansa, a bar fili a tsakiya na tuta da taro da salla. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. A sa yaran su fitar da ita da kamfas da kansu, su jera duwatsu.

Tantin tamfol haka ake kafa shi. A haƙa rami 2 masu zurfin rabin mita, tazararsu mita 5 da ɗan ɗoriya, a kafa sandunan a danne ƙasa, mita 1.5 ya rage a sama. A ɗaura igiya daga kan wannan sanda zuwa waccan, a zarce da kowane bakinta zuwa turke a ƙasa, a ja ta yi tsam. A yafa tamfol a kai, mita 2 ta kowane gefe, a kafe gefunan da turaku. Faɗin ciki zai kai kusan mita 2.6, yara 8 su kwanta a jere kowa da santimita 60. Turke ana buga shi a karkace, kansa na kallon waje, nesa da tantin. Wanda aka buga a miƙe iskar farko za ta tumɓuke shi. A ƙasa mai rairayi turke ba ya riƙewa, sai a ɗaura igiyar a guntun itace a binne shi a kwance. Gangaren tamfol ne zai fuskanci iska, bakin da ya fi kusa da ita a toshe da buhu, ɗayan a bar shi a buɗe. Ba a shiga tanti da kyandir ko fitilar kwai ko garwashi, komai sanyi. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Ƙulli 3 sun wadatar a sansanin farko. Na ɗaure igiya a sanda: a yi zobe 2 iri ɗaya, a ɗora na biyu a kan na farko, a zura a sandar a ja. Na haɗa baki biyu na bandeji: dama kan hagu, sannan hagu kan dama; idan aka maimaita hannu ɗaya sau biyu zai zame, kuma ko daidai aka yi shi ba a rataya nauyi da shi. Na uku shi ne zoben da ba ya shaƙewa, wanda ake jefa wa wanda ya faɗa rami, saɓanin zarge. Jagorori su iya su tun a gida, su ne za su koya wa yaransu.

Masai kuwa rami ne dogo: tsawo mita 2, faɗi santimita 30, zurfi santimita 60 ko fiye, guda 2 ga mutum 40, nesa da rijiya ko rafi da aƙalla mita 30. A haƙa shi yadda mai tsuguno ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba. A tara ƙasar a gefe da fartanya a kai, kowa ya gama ya rufe nasa ya barbaɗa toka. A kewaye da zana ko buhu, a ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa, a share hanyar zuwa wurin sarai saboda masu fita da dare. Yaron da ke ƙyamar masai zai zagaya bayan tanti, daga nan ƙuda ya ɗauka ya kai tukunya.

Wuta

A kankare ciyawa har ƙasa, mita 3 ta kowane gefe, kafin a jera duwatsun murhu. Kada a ɗauko dutse daga cikin ruwa, yana fashewa idan ya yi zafi. Bokitin ruwa da na yashi su zauna kusa kafin a ƙyasta ashana. Ana farawa da busasshiyar ciyawa dunƙule guda, sai ƙirare masu kaurin tsinken tsintsiya, sai masu kaurin yatsa, sannan itace. Yara kan ɗora manyan itace da wuri su danne wutar, ko su cusa ƙirare har iska ta rasa hanya. Ba a hura wuta da fetur ko leda. Ba a sare ɗanyen itace. A tsinci busasshe ko a saya a ƙauyen. A nuna musu tumfafiya da tinya su gane su, don ruwansu na illa ga ido kuma ba a tsire nama da su. Muddin wuta na ci, akwai yaro guda da aikinsa ke nan ya tsare ta.

Tafiyar Asabar

Bayan sallar asuba da karin kumallo, a fita da ƙarfe 7 a dawo kafin 12. Kilomita 8 zuwa 10 sun isa, a lissafa kilomita 3 a awa, da hutun minti 10 bayan kowane minti 50. Manya sun riga sun bi hanyar jiya ko shekaranjiya. Rukunoni su tashi da tazarar minti 15, jagora a gaba, mataimakinsa a ƙarshe, mafi ƙanƙanta a bayan jagora domin da saurinsa za a tafi. Babban da ke tare da su ya bi daga baya da taku 30, ya kama bakinsa. Idan suka saki hanya, matuƙar ba haɗari suka nufa ba, ya bar su su yi minti 10 kafin ya tambayi jagoran, “Malam Jagora, ina rana take yanzu, ina ya kamata ta kasance?”

Alamun hanya da duwatsu ko kara ake yin su a gefen dama: kibiya na nufin bi nan, gicciye na nufin ba nan ba, da'ira da ɗigo a tsakiya na nufin na koma gida. Wannan ta ƙarshe ita ce aka zana a kan kabarin Baden-Powell a garin Nyeri na ƙasar Kenya, inda ya rasu a 1941.

A tsaya a hanya a koyi gane gabas ba tare da kamfas ba. A kafa sanda mai mita 1 a miƙe, a sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta, a jira minti 20, a sa wata a inda inuwar ta koma. Tsakuwar farko yamma ce, ta biyu gabas. Wanda ya taka ta farko da ƙafar hagu, ta biyu da dama, arewa yake kallo. Haka kuma kowane yaro ya auna takunsa a kan mita 100 da aka gwada da igiya, ya rubuta adadin, ya riƙa ƙiyasta nisa da shi. Tawagar da ke cikin birni ma tana iya yin wannan atisaye a Dutsen Dala a Kano ko Kufena a Zariya kafin ranar sansani.

Dokar ɓata guda ce, a maimaita ta har su haddace: wanda ya rabu da rukuni ya tsaya inda yake, ya nemi inuwa, ya busa usur sau 3, ya saurara, ya sake. Yaron da ke ta yawo yana neman hanya shi ke wahalar samu. Ba a ratsa gonar da ba a girbe ba, ba a tsinkar kayan lambun mutane, kuma duk dattijon da aka tarar a hanya a tsaya a gaishe shi.

Idan abu ya faru

Akwatin magani ya ƙunshi bandeji, auduga, filasta, almakashi, safar hannu, ruwan wanke ciwo, farasitamol, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa aƙalla 20. Idan ƙunshin ya ƙare, a haɗa lita 1 na tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, ba manja, ba man goge baki, ba ƙwai. Haɓo ya yawaita a hunturu: yaro ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse taushin hancinsa minti 10.

Saran maciji ne abin da ya kamata a fi shirya wa. Kububuwa, gajeruwa mai launin ƙasa, ita ce ta fi yi wa mutane illa a yankin savana, dafinta na hana jini daskarewa, kuma yawan saranta ne ya sa garin Kaltungo a jihar Gombe ke da asibiti na musamman don wannan. Da magariba da dare take fitowa, a ƙafa take sara, shi ya sa takalmi rufaffe da tocila suka zama dole bayan faɗuwar rana, kuma kowa ya zazzage takalminsa da safe kafin ya sa. Idan ta faru: a janye yaron daga wurin, a kwantar da shi, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo ko duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a ɗaure ƙafar da sanda sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota, kada ya taka. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau, ba a tsayawa neman macijin, ba a ba shi asfirin. Allurar kashe dafi ce magani, don haka tun a zuwan farko a tambayi asibitin ko suna da ita, in babu a san inda take. Idan gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko suma, ko ciwon ƙashi ga mai sikila, duk na mota ne nan take, a kira iyaye daga hanya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Majalisar dare

Bayan isha'i a yi wutar taro ta awa 1: kowane rukuni ya kawo tatsuniya ko wasan kwaikwayo ko kacici-kacici. Ƙarfe 10 kowa ya kwanta, a ƙirga su da suna. Manya su raba gadi awa bibbiyu, mutum 2 a kowane zagaye.

Kafin nan akwai zama na minti 20 da ya fi duk abin da aka yi a yinin amfani. Jagorori 4 su zauna da shugaban sansani, ɗaya daga cikinsu ne zai shugabanci zaman. Kowa ya faɗi abin da ya yi kyau a rukuninsa, abin da ya lalace, da wanda ke cikin damuwa. Su ne za su tsara aikin gobe, su ne za su yanke abin da za a yi wa wanda ya ƙi ɗebo ruwa. Shugaba yana da ikon hana abin da ke da haɗari ko zalunci, amma ba shi ke kawo mafita ba. Idan jagora ya yi kuskure, a nan ake gaya masa, ba a gaban yaransa ba, kuma duk umarni ta bakinsa yake isa ga rukuni. Malamin da ke tsallake jagora ya daka wa yara tsawa kai tsaye ya rushe abin da ya zo ginawa.

Duka da tsallen kwaɗo da tsayar da yaro a rana ba su da gurbi a sikawut. Kaki da fareti sun sa wasu na ɗaukar ta aikin soja, alhali alkawarin da yaro ya ɗauka na bauta wa Allah ne da yi wa ƙasa hidima da taimakon mutane. Ayyukan rukuni su riƙa juyawa a rubuce, mai girki yau shi ne mai ruwa gobe, yadda ɗan gata da ɗan talaka kowa zai wanke tukunya ya rufe masai. A lura da yaron da ba ya magana, a ba shi abu guda da zai zama nasa, ko riƙe kamfas ko lissafin jarkoki. Daren farko kuma za a samu mai kukan gida. Jagoransa ya zauna kusa da shi, a ba shi shayi da aikin yi da safe, yawanci kafin hantsi ya warware.

Tashi

Safiyar Lahadi a ware lokacin ibada ga yara Kirista, kamar yadda aka tsayar da komai a lokutan salla. Sannan a yi wa masu masauki aikin awa 1 da dagaci ya zaɓa, ko sharar kasuwa ko gyaran magudanar bakin rijiya.

A fara kwance sansani awa 3 kafin zuwan mota. A kakkaɓe tamfol a naɗe, a ƙirga turaku da igiyoyi bisa takardar da aka fito da su. A cike ramukan masai da na sanduna a danne. A kashe kowace wuta da ruwa, a motsa tokar, a ƙara ruwa, har sai babba ya sa bayan hannunsa ya ji ta yi sanyi. Garwashin da aka rufe da ƙasa kawai yana iya kwana da rai, iska ta tone shi ya cinye gonakin mutane. Leda da gwangwani a buhu za su koma gari. Yaran su sake jeruwa kafaɗa da kafaɗa su taka filin kamar ranar farko. Jagorori 4 su bi shugaba a je a yi wa dagaci da mai gona godiya da sallama.

A ƙirga yara kafin shiga mota da bayan sauka, kuma ba a sallami kowa sai a hannun wanda ya sa hannu a takardarsa. A gaya wa iyaye duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin makonni 2 a kai shi gwajin maleriya. Cikin mako guda a kira taro, a karanta lissafin kuɗi a gaban iyaye, a mayar da canji, jagorori kuma su rubuta abin da ya ƙare da wuri da abin da aka ɗauka ba a yi amfani da shi ba, a ajiye takardar a akwatin kayan tawaga don fita ta gaba.